Tumatir kala biyu a gona ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya ko gezau, ina dalili?

Manomin_Kura:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masana noma da malaman kimiyya ina da tambaya, abin ya kwana biyu yana cin raina. Ina noman rani a wajen Kura, bana na dasa tumatir kala biyu a gona ɗaya, gefe ɗaya irin da na ajiye ne tun bara na matse daga 'ya'yan da suka fi kyau, ɗaya gefen kuma na gwangwani ne da na saya a kasuwa. Ruwa ɗaya suke sha, taki ɗaya, feshi ma rana ɗaya nake musu. Lokacin sanyi komai lafiya lau, amma tunda zafi ya fara shigowa, daidai sun fara ɗaukar 'ya'ya, sai nawa na gida ya fara rawaya daga ganyen ƙasa, wani ma gefe ɗaya na reshen ne zai yi rawaya ɗaya gefen yana kore shar, da rana ya langaɓe da yamma ya ɗan farfaɗo, bayan kwana kaɗan shikenan sai ya bushe a tsaye. Sau uku ina feshi babu abinda ya canza. Na gwangwanin kuwa kunya ɗaya ce tsakaninsu amma ko gezau.

Ƙanena da yake karatu yace min ciwon a ƙasa yake, ta saiwa yake shiga, wai kuma saiwar shuka tana da wasu furotin a jikin bangonta da suke faɗa da cuta. Ni dai furotin a wake da nama da ƙwai na san shi. Da gaske ne wannan magana? In da gaske ne me yasa nawa bai kare kansa ba?

Sani_Injin_Ruwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Malam. Ni a ganina ruwa ne ya yi masa yawa, ko kuma ka canza magani ka samo mai ƙarfi.

Malamin_Bayoloji:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da wannan asara, Allah ya musanya. Ɗan'uwa Sani maganar ruwa tana da ƙamshin gaskiya amma ta canza magani a'a, kar ya ƙara kashe kuɗinsa, abin da ke cikin jijiyar ruwa ta shuka feshin ganye baya kai masa.

Ƙaninka gaskiya ya faɗa maka. Bari in ɗan ja maganar saboda abin da nake koyarwa ne kuma ina son sa. Jikin shuka an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido baya gani, ƙwayoyin halitta, kowanne da katangarsa. Tun 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya leƙa ɓawon itace ta madubin ƙara girma ya ga waɗannan ɗakunan, kuma abin da ya gani ɗin katangun ne kawai. Katangar nan ka ɗauke ta kamar ginin ƙasa irin namu. Akwai zare mai ƙarfi da ake kira selulos, shine audugar rigarka gaba ɗaya, yana nan kamar ramno ko ciyawar da ake zubawa a kwaɓin ƙasa. Akwai fektin, wani abu mai danƙo da yake liƙe ɗaki da ɗaki. Sannan akwai furotin, su ba su da yawa, a katanga sabuwa ba sa wuce kashi 10 cikin 100, shi yasa aka daɗe ana ganin katangar matacciyar aba ce kawai. Sai a 1960 Derek Lamport a jami'ar Kambirij ya nuna akwai wani furotin a cikin katangar kanta, wanda daga baya aka sa masa suna ekstensin.

Shi ekstensin ɗin nan dogo ne siriri kamar sanda. In lafiya ake yana nan a sake. Da zarar ƙwayar halitta ta ji alamar naman gwari, wato fangas, ko aka ji mata ciwo, sai ta fesa haidurojin feroksaid, wannan ruwan dai da ake wanke ciwo da shi a kemis yana kumfa, shuka na yin nata da kanta, sai wani furotin ɗin daban mai suna feroksides yayi amfani da shi ya ɗaɗɗaure sandunan ekstensin da juna su koma kamar raga ko asabari, katangar tayi tauri sinadaran fangas su kasa narkar da ita da sauƙi. A 1992 wasu masana a Amurka, Chris Lamb da abokan aikinsa, sun gwada irin wannan ɗaurin a ƙwayoyin waken suya suka ga cikin kamar minti 10 an gama. Minti goma fa Malam, kafin ka zagaya kwami biyu da fartanya.

Na biyun kuma shine ya fi burge ni. Fangas ba shi da haƙori, abin da yake yi shine ya tofa wani sinadari da yake yanka fektin ɗin nan, katanga ta saki, ya kutsa. To shuka tana ajiye wani furotin a cikin katangar, ana taƙaita sunansa da PGIP, Peter Albersheim da Anne Anderson ne suka fara bayyana shi a 1971, aikinsa ya cafke wannan sinadarin ya rage masa gudu. Hikimar da ke ciki itace, in sinadarin fangas yana aiki da cikakken ƙarfinsa zai niƙe fektin ya zama gari babu wanda zai ji labari, amma in an riƙe masa hannu sai yana barin gutsattsari masu ɗan tsawo, masu gaɓa 10 zuwa 15, su kuma waɗannan gutsattsarin akwai wasu furotin da suka leƙo cikin katanga daga fatar ƙwayar halitta suna jira, suna taɓa su sai a buga gangar yaƙi a duk kewayen. Wato ɓaraguzan katangar da ɓarawo ya fasa su ne suke tashin masu gida. Daga nan sai a turo masu narkar da jikin fangas ɗin shi kansa, domin katangarsa shi da kaitin aka yi ta, irin abin da ke ɓawon fara, shuka kuma tana da furotin mai narkar da kaitin wanda ita baya cutar da ita tunda babu kaitin a jikinta.

Naka na gida ma yana da duk waɗannan. Bambancin a saurin ganewa yake. Amma kafin mu yi nisa ina so ka gwada abu ɗaya gobe da safe: ka tuge wanda ya fara yaushi bai mutu ba, ka duba saiwar, ka tsaga karan a tsaye daga gindi ka ga launin ciki, sannan ka yanki guntun kara ka rataya bakinsa a cikin kofin gilas mai ruwa garai ka barshi minti biyar kar ka girgiza. In ka ga wani farin abu kamar madara yana zarara ƙasa kamar zare, bakteriya ce. In babu, sai layin ruwan ƙasa-ƙasa a cikin karan, to fangas ne mai suna Fuzariyam. Yadda ka siffanta rawayar gefe ɗaya ni na fi zarginsa.

Baba_Mai_Fadama:

Malam Allah ya ƙara sani. Mu turancin nan ba sani muka yi ba amma abin da kace na ciwo a saiwa na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Shekara ta kusan talatin ina dashe. Yaran yanzu in ka sa su cire iri daga gadon reno fizga suke yi ƙasa a bushe, kana ji ɓas ɓas saiwa na tsinkewa, su tara a buhu cikin rana sai la'asar a dasa. Mu da sai an jiƙa gadon tun dare, da safe ka sa hannu ta ƙasa ka ɗago shi da ƴar ƙasarsa. Kuma na sha lura layin da ɗan ƙwadago ya zurfafa fartanya dab da gindi wajen noma, shi yake fara kwanciya. Ɗana ka duba wannan ma, kar ka ɗora wa iri laifi duka.

Yar_Samaru:

Baba wallahi abin da kuka faɗa shine a littafi, ku kun gani da ido ne kawai mu muka karanta. Malam ya yi bayanin katanga, ni kuma ina so in ƙara da abin da ke faruwa tun kafin cutar ta iso katangar, domin a kan saiwa nake karatu na yanzu.

Duk mai so ya gwada wannan a gida, ka jiƙa masara ko wake ka naɗe a tsumma mai laima kwana uku ko huɗu har saiwa ta fito, sai ka tsoma bakin saiwar a ɗigon ruwa ka ɗaga a haske, zaka ga wani ɗan yauƙi a tsinin kamar na kuɓewa. Ranar da na fara sa wannan ɗigon a ƙarƙashin madubi na daɗe ban ɗago kai ba, cike yake da ƙwayoyin halitta da suka saki jikin saiwa suna yawo a cikin yauƙin. Da can an ɗauka matattu ne saiwa take zubarwa saboda gogayya da ƙasa, sai wata farfesa a jami'ar Arizona, Martha Hawes, ta nuna rayayyu ne kuma da gangan saiwa take sakin su, a wasu shuke-shuken dubbai ne a kowane tsini, na auduga har wajen dubu 10. Kamar ƴan sintiri ne a bayan ganuwa. Fangas ko bakteriya in ta nufo saiwa da su take fara cin karo, ta tsaya tana fama da su a cikin yauƙi, ita kuma saiwar ta ci gaba da tsawo ta wuce ta bar su a baya.

Yauƙin nan ba ruwa bane kawai. A cikin na fis, wannan koren waken turawa da ake sa wa soyayyiyar shinkafa, an ƙirga furotin kala sama da 100. Akwai ekstensin ɗin da Malam ya faɗa, akwai kuma wani dangi da ake taƙaitawa AGP, furotin ne ɗan siriri da aka lulluɓe da sukari har sukarin ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Wasu masana a jami'ar Rouen a Faransa sun nuna a 2012 cewa AGP na tsinin saiwar fis yana janyo ƴaƴan wata cutar ruɓar saiwa masu iyo a ruwa, in sun zo sai ya sa su dunƙule su daina iyo, ya kuma hana su tsiro. Tarko kenan da abinci a bakinsa. Abin da ya fi bani mamaki kuma, a 2009 ɗakin binciken Hawes ya gano har da zaren DNA, wato zaren gadon da ke cikin ƙwayar halitta, saiwar take zubawa a cikin yauƙin yana kama ƙwayoyin cuta kamar tarun kamun kifi, irin dabarar da fararen ƙwayoyin jininmu suke yi, da suka sa sinadarin da ke narkar da zaren sai tsinin saiwar da a da fangas baya iya kamawa ya kamu.

Shi yasa tsinin saiwa duk da shine mafi taushi ba ta nan cuta ta fi shiga ba. Ta fi samun hanya ta ɗan baya da shi, da inda ƙananan saiwoyi suke fasa jikin uwar su fito, da kuma ciwo. A can ciki akwai ganuwa ta biyu da ta zagaye jijiyar ruwa, wani ɗamara na liginin, sinadarin da ke sa itace tauri, da ake kira da sunan Robert Caspary, Bajamushen da ya siffanta shi a 1865, kuma shi ma furotin ne suke jeruwa su shata layin da za a gina shi, masana a Lozan ta Suwizalan suka gano su a 2011. To Baba in an fizgi iri saiwa ta tsinke, an buɗe jijiyar ruwan kai tsaye kenan, babu yauƙi, babu katangar waje, babu ɗamarar ciki, duk an tsallake su lokaci ɗaya.

Kuma kar a ɗauka cutar a zaune take. Bakteriyar da Malam yace a gwada da kofin gilas, Ralstoniya, tana da nata sinadarin da take yanka zaren DNA ɗin ta kuɓuce daga tarkon, shi kuma PGIP an fi saninsa da kama sinadarin fangas.

Dan_Gashuwa:

Hajiya wannan yauƙin da kike faɗa ya tuna min ƙaro. Mu nan harkar mu kenan, da rani ake ɓare ɓawon ɗakwara a barta, bayan makonni a dawo a tarar ya fito ya daskare dunƙule-dunƙule daidai inda aka ji mata ciwon. Ko akwai alaƙa?

Yar_Samaru:

Akwai sosai Yaya. Ƙaron ɗakwara akwai AGP a cikinsa, dangi ɗaya ne da na bakin saiwa, kuma wannan ɓangaren mai furotin shine yake sa ƙaro ya iya haɗa mai da ruwa su zauna tare, abin da kamfanonin lemon kwalba suke saye daga Sudan da Chadi da nan wajenku kenan. Itaciyar toshe ciwonta take yi da shi. Ƙaron da muke sa wa tawada tun muna makarantar allo ashe maganin rauni ne na bishiya.

Manomin_Kura:

Jama'a nagode Allah ya saka da alheri, wallahi ban zaci zan samu bayani haka ba. Malam nayi yadda kace yau da sassafe, guda huɗu na tuge. A kofin gilas babu wata madara da ta fito, ruwan garai ya tsaya har na gaji da jira. Amma da na tsaga karan da reza akwai layi ruwan ƙasa kamar an ja da shayi, daga gindi ya hau sama har wajen reshe na biyu, tsakiyar karan kuma fari ne lafiya lau. Sai wani abu da ban taɓa kula da shi ba, saiwar duk ƙulli-ƙulli ce kamar carbi, wasu kamar ƙwayar gero wasu sun kai wake. Na tuge na gwangwanin guda ɗaya in gani, cikin karansa fes amma shima akwai ƙullin kaɗan. Na nemo gwangwanin, Roma VF aka rubuta a jiki. Baba maganarku ma gaskiya ce, yara na sa suka cire irin kuma ban tsaya a kansu ba. Kuma shekara huɗu kenan a jere ina tumatir a wannan wajen.

Malamin_Bayoloji:

To Malam ka kawo amsar da hannunka. Alamun nan na Fuzariyam ne, ƙullin kuma aikin wata tsutsa ce ƴar mitsitsiya da ido baya gani, nematod, tana huda saiwa ta shige ta zauna, kuma sananne ne in ta haɗu da Fuzariyam ɓarnar tafi muni. Haruffan jikin gwangwanin ba ado bane, F ɗin nan yana nufin irin yana jure Fuzariyam, V kuma wani fangas ne daban. Wannan juriyar daga wani tumatir na jeji aka samo ta, mai ƴan ƙananan ƴaƴa, ƴaƴan kanya ma sun fi su girma, asalinsa ƙasar Peru, wajen 1940 masana a Amurka suka fara shigar da ita cikin tumatir na noma. Abin da ya gada furotin ne guda da yake zaune a fatar ƙwayar halitta kansa a leƙe ta wajen katanga, yana gane wani abu da fangas ɗin yake fitarwa. Yana ganewa sai ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyar ruwa su kumbura su cusa kansu cikin bututun, a zuba danƙo, a ƙara wa katanga kauri, a rufe fangas ɗin a can ƙasa a bututu ɗaya ko biyu. Naka na gida shima yana toshewa amma a makare, fangas ya riga ya haura, sai ya yi ta toshe bututu bayan bututu har ruwa ya daina hawa, shine yaushin da kake gani da rana alhali ƙasa a jiƙe take. Rawayar gefe ɗaya kuma bututun wannan gefen ne suka fara toshewa.

Amma kar ka saki jiki da Roma ɗin a wannan ƙasar. F guda ɗaya kala ɗaya na Fuzariyam yake tarewa, kuma an san kala uku a tumatir, na ukun a Ostareliya aka fara ganinsa a 1978. Babu N, harafin juriyar nematod, a jikin gwangwanin shi yasa ka ga ƙulli a nasa saiwar shima, kuma ko iri mai N ɗin juriyarsa tana raguwa in zafin ƙasa ya haura digiri 28, mu kuwa ka san watan Maris a Kano.

Waɗanda suka mutu ka tuge su da saiwarsu ka fitar daga gonar ka ƙone, kar ka jefa a hanyar ruwa, kuma in da hali ka daina bari ruwa ya ratsa kwamin da ya kamu sannan ya shiga na lafiya. Kar ka ajiye iri daga wannan gefen. Fangas ɗin yana yin ƙwaya mai kauri da take shekaru a ƙasa, don haka wajen nan ya huta da tumatir, ka sa alkama ko masara, da damina shinkafa, kuma kar ka maye shi da tattasai ko attarugu ko gauta ko kuɓewa domin nematod ɗin duk tana cin su. Ka rage yuriya tsagwaro, tana sa jiki yayi taushi, ka ƙara takin gida da ya ruɓe sosai, sannan ka nemi a auna maka ƙasar, in tsami ya yi mata yawa farar ƙasa tana taimakawa, kalsiyam ɗin cikinta ma shine yake ɗaure fektin yayi ƙarfi. Gadon reno kuma ka canza masa waje gaba ɗaya, inda ba a taɓa tumatir ba.

Baba_Mai_Fadama:

Ɗana in zaka yi sabon gadon ka tara karan dawa a kai ka ƙone tukuna kafin ka zuba iri, haka muka taso muka ga ana yi. Ranar cirewa kuma ka je da kanka ka tsaya.